Tokyo: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Tsaya Ya Kalla



Baƙon da ya sauka Tokyo, Shibuya ake fara kai shi. A can akwai mahaɗar da in fitila ta ba masu tafiya a ƙafa hannu, motoci kan tsaya ta kowane ɓangare, jama'a su kwararo a lokaci guda, ba mai bangazar wani. A bakin tashar jirgin ƙasa kuma ga mutum-mutumin wani kare, Hachiko, ana layi don ɗaukar hoto da shi. Uban gidansa, Farfesa Ueno, ya rasu a 1925, karen ya ci gaba da zuwa tashar yana jiran sa har ya mutu a 1935. Mu dai zai ba mu mamaki a karrama kare haka. Mutanen birnin kuwa riƙon alkawari suka gani a wurinsa.

Ni abin da ya fi jan hankalina yana cikin lungu. Za ka tarar da injin sayar da lemo da shayi a tsakar dare, fitilarsa a kunne, kuɗi a cikinsa, babu mai gadi. Ka jefa sulalla ya miƙo maka gwangwanin kofi. Mai jan tambari da zafinsa yake fitowa, mai shuɗi da sanyi. Baƙi sukan yaba fasahar. Ni tambayata ita ce, me ya sa ake wayar gari ba a fasa shi ba?

Amsar tana koban, wato ƙaramin ofishin 'yan sandan unguwa, wanda wani lokaci bai wuce girman shagon tela ba. Nan ake kai tsintuwa: jaka, waya, lema, har tsabar kuɗi. Yaro ya tsinci sulai ɗaya ya kai, ɗan sanda zai zauna ya cike masa takarda da muhimmanci, kuma daga nan tarbiyyar take farawa. Doka ma ta tsaya wa mai gaskiya. In mai kaya ya bayyana, mai tsintuwa yana da tukuicin kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na darajarsu; in wata uku suka wuce shiru, galibin kayan sun zama nasa. Ba a bar amana ga kyan hali kaɗai ba, an yi mata ofis da takarda da lada. Shi ya sa uwa take sakin ɗanta ɗan firamare ya hau jirgi shi kaɗai.

Kada dai ku ɗauka birnin ba shi da tabo. Taragon da aka keɓe wa mata da safe, cin zarafi a cunkoso ne ya haifar da shi. Kwandon shara kuma yana wuyar gani. An kwashe da yawa bayan harin iskar guba ta sarin da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai jiragen ƙarƙashin ƙasa a ranar 20 ga Maris, 1995. Yau mutum yakan riƙe shararsa a jaka har gida.

Wanda Juma'a ta riske shi a can, ya nufi unguwar Yoyogi-Uehara. Akwai masallacin Tokyo Camii, wanda aka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi da salon Turkawa a 2000.