Tseren Keke na Duniya: Labarin Saurayin da Ya Shiga Karo na Farko

 An umurce ni in yi muku bayani a kan tseren keke irin wanda ƙasashen duniya ke yi a bisa hanya. Da na zauna na duba al'amarin, sai na ga ya fi kyau in ɗauki labarin mutum guda mu bi shi tun daga farko, domin abin da ya sami mutum ya fi zama a zuciya bisa ga jerin dokoki.

Amma kafin mu kai gare shi, akwai abin da ya kamata a sani. A da, mahaya keke kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka mai da abin sana'a, ana biyansu albashi. Akwai kuma masu yi don sha'awa kawai, watau ɗalibai da ma'aikata da 'ya'yan manoma, waɗanda ba su da albashi a ciki. Ƙungiyar da ke kula da sha'anin keke a duniya, wadda aka kafa a birnin Faris a 1900, ta fara shirya wa masu sha'awan nan gasar duniya a 1921 a Kofanhegan ta ƙasar Danmak. 'Yan sana'a ba su sami tasu ba sai 1927. Daga shekarar nan ne kuma aka soma sa wa wanda ya ci wata farar riga mai zane biyar a ƙirji, shuɗi da ja da baƙi da rawaya da kore, wadda suke kira rigar bakan gizo. Yakan sa ta shekara guda cur, kamar yadda mai sarauta ke sa alkyabbarsa, sa'an nan a sake gasa.

To, saurayin da nake nufi mutumin ƙasar Beljiyam ne, sunansa Eddy Merckx. Malamai, haka ake rubuta shi, amma a baki Edi Meks ake cewa, kada tarin haruffan nan ya ba ku tsoro. An haife shi ran 17 ga Yuni 1945. Iyayensa ba masu dukiya ba ne, wani ɗan kanti ne gare su na kayan masarufi a wata unguwa ta gefen birnin Brasels. Ya fara shiga tsere a 1961 yana da shekara 16, bai kuwa ci na farkon ba. Sai ran 1 ga Oktoba na shekarar ya sami nasararsa ta fari a wani ƙaramin gari. Uwarsa ta fi son ya tsaya ga karatu, kuma ni ban ga laifinta ba, gama cikin yara dubu masu wannan buri da ƙyar guda ke kaiwa. Daga baya ta haƙura ya bar makaranta, wani tsohon mahayi mai shagon kekuna, Félicien Vervaecke, ya riƙa koya masa.

Me ake koya wa mutum a hawan keke, alhali kowane yaro a ƙasarku ya iya? Nan ne gindin maganar, ina kuwa roƙonku ku ba ni hankalinku kaɗan.

Babban abokin gaban mai tsere iska ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar gabas da sanyin safiya lokacin hunturu ya san abin da nake nufi, ni ma na sha wuyarta. In mutum yana gudun kilomita 40 a awa, ko da babu iskar da ke kaɗawa, mafi yawan ƙarfinsa yana tafiya ne wajen keta iskar da ke gabansa. Amma in ya laɓe a bayan wani, ƙafar kekensa ta gaba tana kusa da taɓa ta bayan wancan, sai ya huta da wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalar. In kuwa yana tsakiyar taro ne, hutun ya fi haka nesa. Saboda haka ne za ku ga mahaya sun dunƙule wuri guda kamar ayari, na gaba ya ja na ɗan lokaci, ya kauce, wani ya karɓa. Mutum guda, kome ƙarfinsa, da wuya ya tsere wa mutum ɗari masu karɓa wa juna.

Wannan shi ne abin da ke ka da baƙon shiga. Ana sakin su sai jini ya ɗebe shi, ya ga jama'a na tafi, ya ji ƙafafunsa da sauƙi, ya wuce gaba. Tsofaffin hannu su ƙyale shi ya yi ta sha musu iska. Bayan awa biyu ya ƙare, su wuce shi ko waiwaye babu. Ku masu dawaki kun san haka, ba a sakar wa doki linzami tun daga ƙofar gari in tafiyar mai nisa ce. Wani kuma tsoro ne ke hana shi shiga tsakiyar taron, gama a can kafaɗa na gugar kafaɗa, in ɗaya ya faɗi goma su bi shi. Sai ya koma can baya, inda kowane lanƙwasa na hanya ke tilasta shi ya taka birki sa'an nan ya sake yunƙuri, har ya gaji a banza. Wani mantuwa yake yi da cin abinci. Dole ne mai tsere ya riƙa ci yana sha a kan sirdi tun bai ji yunwa ba, domin in ta riga ta kama shi, ƙafafu sun mutu ke nan, ba kuwa za su farfaɗo ba a ranar.

Shekara uku Meks ya yi yana koyon waɗannan abubuwa a ƙananan tsere na ƙasarsu, yana ci ana cinsa. A 1964 aka zo zaɓen waɗanda za su wakilci Beljiyam a gasar duniya ta masu sha'awa. Nan ne abin ya kusa lalacewa tun ba a fara ba. Da aka gwada lafiyar mahayan, sai aka ce an ga aibi a zuciyarsa, ba za a tafi da shi ba. Uwar nan tasa, wadda da fari ba ta son sha'anin, ita ce ta tashi tsaye. Ta nemi likitan da ya san shi tun yana yaro, shi kuwa ya ce bai ga abin da zai hana ba. Ta yi ta matsawa har aka mai da sunansa.

Kada dai a ɗauka ina cewa a raina maganar likita. A 2013, yana da shekara 67, sai da aka sa masa wata 'yar na'ura a ƙirji mai daidaita bugun zuciya. Abin da na yaba wa matar nan shi ne ba ta ce a ƙyale gwajin ba, sai ta nemi wani masani ya sake dubawa.

Aka yi gasar ran 5 ga Satumba 1964 a garin Sallanches na ƙasar Faransa, a gindin duwatsun nan masu ƙanƙara, kusa da Mont Blanc. Tsawon tseren wajen kilomita 185 ne, watau mil 115, ya ɗara nisan Kano zuwa Katsina kaɗan. Ba miƙe hanya aka yi ba, wani zagaye ne ake ta maimaitawa, cikinsa kuwa akwai hawa. Ku lura, a hawa gudu yana raguwa, laɓewa a bayan wani ba ta da amfani sosai, kowa ƙarfinsa ne ke fid da shi. Saboda haka mai wayo yakan adana ƙarfinsa sai an zo nan. Meks ya bi wasu 'yan kaɗan da suka ɓalle daga taron, suka riƙa karɓa wa juna. Da ƙarshen tsere ya matso, suka iso hawan, sai ya taka da iyakar ƙarfinsa, ya bar su. Ya iso shi kaɗai bayan fiye da awa huɗu da rabi a kan sirdi, tsakaninsa da na biyu bai cika rabin minti ba. Na biyun ɗan ƙasarsu ne, Willy Planckaert, na uku kuwa Gösta Pettersson na Suwidin. Shekararsa 19 a ranar.

Wata guda bayan haka aka tafi wasannin Olimfik a Tokiyo, mutumin da ake kira zakaran duniya ya zo na 12. Na faɗi wannan ne don kada a zaci abin ya zame masa tuwo. A Afrilu 1965 ya koma cikin 'yan sana'a. Ya ci babban tseren zagaya Faransa sau biyar tsakanin 1969 da 1974, ya ci na Italiya sau biyar, ya sake sa rigar bakan gizo sau uku, a 1967 da 1971 da 1974. In an haɗa da na ƙuruciyarsa, nasarorinsa 525 ne. Ita kuwa gasar masu sha'awa an yi ta ƙarshe a 1995, daga 1996 aka maye gurbinta da ta samarin da ba su kai shekara 23 ba.

Watakila wani a cikinku ya ce, mu ina ruwanmu da wasan Turawa? Abin ya matso. A 2021 wani saurayi ɗan Eritiriya, Biniam Girmay, ya zo na biyu a gasar samarin nan. A Satumba 2025 kuma aka yi gasar duniya ɗungum a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko ke nan a Afirka. Samarin ƙasarku suna jin waɗannan labarai, wasunsu kuwa kullum suna kai kaya kasuwa a keke mai nauyi ninkin na tsere.

In Allah ya sa wata rana masu shirya tsere suka nemi hanya a ƙasar ɗayanku, ranku ya daɗe, abin da za su fi bukata a wurinku shi ne hanya ta zama fayau. Kada a yarda a sa shi ranar kasuwa. A yi shela tun da wuri a ɗaure awaki da tumaki, a tsare yara, gama akuya guda ta isa ta zubar da mutum ashirin. A sa dogarai ko 'yan doka a mararraba, a nemi malamin asibiti ya tsaya kusa, kuma kada a bar yaron da ba a duba lafiyarsa ba ya shiga. Ku kuma malamai, aikinku yana wurin tsayawa. Mutum biyu aƙalla su zauna, ɗaya yana kiran lambar da ke bayan kowane mahayi, ɗaya yana rubutawa tare da lokaci, domin in sun iso a dunƙule ido ɗaya ba ya iya raba su. A rubuta har na ƙarshe, ko da ya iso bayan jama'a sun watse, gama da takardar nan ne masu zaɓe za su san wanda za a kira wata shekara.