Yawan Aljanu Ba Shi Ne Ƙarfinsu Ba

Karatu: 2 Sarakuna 6:15-17, 1 Korantiyawa 10:13



Yau muna so mu ba ku labarin wani hoto. A shekara ta 1635 wani gwanin zane mai suna Jacques Callot, mutumin birnin Nancy wanda yanzu yake cikin ƙasar Faransa, ya zana shi a kan farantin tagulla, aka buga a takarda. Hoton yana nuna gwajin Antoni, bawan Allah na ƙasar Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya koma hamada domin addu'a, ya kuwa rasu a shekara ta 356. Ba ma yi wa hoto sujada, amma muna iya koyon darasi daga gare shi.

In ka dubi hoton, aljanu za ka fara gani. Wani ƙaton dodo mai fukafukai ya rufe sararin sama, ƙananan aljanu kuma sun cika ko'ina, har da wata dabba mai aman makamai kamar igwa. Callot ya san yaƙi, gama sojojin Faransa sun kama garinsu a 1633. To, ina Antoni? Sai ka nema da kyau kafin ka gan shi, ɗan ƙarami a ƙasa, gefen dama, aljanu suna jansa.

Ashe, ba haka gwaji yake a idonmu ba? Mu da muke zaune a Bompai mun ga ma'aikatu da yawa, nan da Sharada da Challawa, sun rufe ƙofa, injuna sun yi shiru. An sallami maigida, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta. Sai muryoyi su taso. Wannan ya ce, sa hannu a takardar ƙarya. Wancan ya ce, zo mu je wurin boka. Wani ya ce, sha ka manta. Mafi muni duka ita ce muryar da take cewa Allah ya manta da kai.

Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihin Antoni, ya ba da labari cewa Antoni yana kwance da ciwo ya gaya wa aljanun cewa da suna da iko, ɗaya ma ya isa. Taruwarsu da yawa ita ce ta tona rauninsu. Da haske ya sauko, sai ya tambayi Ubangiji inda yake tun farko. Aka amsa masa cewa yana nan tare da shi, yana kallon kokawarsa.

Haka baran Elisha ya ga rundunar Suriya ya firgita, sai da Allah ya buɗe idonsa ya ga dawakai da karusan wuta. Manzo Bulus kuma ya tabbatar mana Allah ba zai bar gwaji ya fi ƙarfinmu ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, gangar da ta cika ƙara, cikinta wofi ne. Kada ka sa hannun nan. Kada ka je wurin bokan nan. Ka gaya wa ikkilisiya damuwarka, mu ɗauki nauyin tare.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mu ƙanana ne, gwajinmu kuwa babba ne a idonmu. Ka buɗe idanunmu mu ga kana nan. Cikin sunan Yesu, Amin.