Ɗana Ya Guje Ni Da Na Dawo Daga Cin Rani

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Batsari. Ya ce kowace shekara, da an kammala aikin kaka, yakan tafi cin rani Legas. Bara da ya dawo bayan wata biyar, ɗansa mai shekara biyu ya ɓuya a bayan mahaifiyarsa, ya ƙi ko karɓar tsaraba. Yana tambaya, shin yaron ya manta shi ne? Wata baiwar Allah daga Safana, wadda maigidanta ke fatauci a Fatakwal, ita ma ta aiko da irin wannan tambaya.

To Malam, da farko ka kwantar da hankalinka, ba ƙiyayya ba ce. Daga wajen wata 8 yaro kan fara ƙyuya, ya manne wa wanda yake gani kullum, abin kan kai har shekara biyu ko fiye. Yaro ƙarami bai san lissafin wata ba, bai kuma san kai ne ka aiko da kuɗin cefane ba. Abin da ya sani shi ne muryar da ya saba ji.

Don haka ka sa masa lokaci guda, misali kowace Juma'a bayan la'asar. Kiran minti uku a kan kari ya fi na awa guda da sai an ga dama. Idan an ba shi wayar, ka kira shi da sunan da kake yi masa wasa da shi, ka tambaye shi akuyarsa, ka yi masa gajeriyar tatsuniya. Ko ya yi shiru, yana ji.

Sai dai kada ka dogara da waya kaɗai. Ba ku manta ba, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba kira. Kafin zuwan wayar salula a 2001, ai kaset ake ɗauka a ba direba ya kai gida. Wannan dabara ba ta mutu ba. Ka ɗauki muryarka a memori kafin ka tafi, da gaisuwa da addu'ar barci, a riƙa kunna masa. Ka bar masa hotonka da tsohuwar hularka.

Abu na gaba, kada ka sulale da asuba wai don gudun kuka. Ka yi masa sallama. Kukan rabuwa na ɗan lokaci ne, amma yaron da ya farka ya tarar babu uba yakan zauna cikin zullumin kowa ma zai iya ɓace masa.

Game da dawowa, a yi hattara. A halin da garuruwan bakin Dajin Rugu suka sha fama da shi, ba dabara ba ce a gaya wa yaro ranar isowarka ko abin da ka samo, domin bakin yaro ba shi da linzami. Ka ce masa, “Ina nan tafe lokacin sharar gona.” In ka faɗa kuwa, ka cika. Alkawari kaya ne, ko ga ɗan yaye.

Ke kuma Malama ta Safana, rabin aikin yana hannunki. Ki riƙa ambaton Baba da alheri: wannan takalmi Baba ya aiko, wannan gero daga gonar Baba. Kada ki mai da shi dodo, kina cewa bari ya dawo ya zane ka.

Ranar da ka iso, Malam, kada ka fizgo shi, kada ka yi fushi. Shimfiɗa tabarma ka zauna, ka ci tuwo a inda zai gan ka. Cikin 'yan kwanaki, in Allah ya so, da kansa zai hau cinyarka.

Da fatan mun gamsar da ku. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.