Firednisolon da Ƙodar Mai Ciwon Ƙandarewar Fata

Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwana likitoci da masana magunguna, lokacin da aka ba ni kaɗan ne, zan tafi kai tsaye.

Ba sai na tsaya bayanin ciwon sikilarodama, wato ƙandarewar fata, ba. Yawancinmu mun taɓa ganin matar da fatar yatsunta ta ɗame tana ƙyalli, ba ta iya dunƙule hannu ta yi loma, bakinta ya tsuke har cokali da ƙyar yake shiga, goshi da ƙirji sun yi dabbare-dabbaren fari da baƙi. Mun kuma san mai wannan aiki: ƙwayar faiburobilas, wadda ke saƙa zaren kolajin. Tun 1974 Carwile LeRoy ya nuna cewa ko an ciro ta daga fatar majinyaci an rene ta a ɗakin gwaji, kolajin da take zubawa ya fi na mai lafiya yawa. To wa ke ba ta umarni?

Masana garkuwar jiki sun amsa rabin tambayar. Ƙananan jijiyoyin jini kan fara samun rauni, ƙwayoyin garkuwa su yi dafifi a wurin, su saki TGF-beta da IL-6 da IL-13. Da jin wannan saƙo sai faiburobilas ta rikiɗe, ta riƙa jan nama tana ɗaure shi, ta kuma fara samar da nata TGF-beta. Taurin naman ma yana ƙara zuga ta. Daga nan ba ta jiran kowa. Tosilizumab, mai toshe saƙon IL-6, bai tausasa fata yadda aka sa rai ba a babban gwajinsa, ko da yake ya kare huhu, har Amurka ta amince da shi don wannan a 2021.

Ɗaya rabin na homon ne. Ciwon ya fi kama mata, wajen mata huɗu ga namiji ɗaya, amma idan ya kama namiji ya fi tsanani. A 2013 masu bincike a Pittsburgh sun ga istiradayol na ƙara zubar zare a fatar ɗan Adam, a 2020 kuma wasu a Faris suka ga istirojin na rage ƙarfin TGF-beta a jikin ɓeraye. Rilaksin, homon ɗin juna biyu, ya faɗi a gwajin da aka buga a 2009. Wannan muhawara a bar wa ɗakin gwaji. Homon ɗin da ya kawo ni nan shi ne wanda muke rubutawa da hannunmu, wato siteroid irin firednisolon.

Na san hujjar abokan aikina. Sun ce siteroid na hana faiburobilas yin kolajin, ga shi kowa ya ga yadda man bilicin mai siteroid ke sa fata ta yi siriri. Amma wannan a lafiyayyar faiburobilas ne. Wadda ta riga ta rikiɗe ba ta jin wannan kira, kuma babu wani ƙwaƙƙwaran gwaji da ya nuna firednisolon na warware fatar da ta ƙandare.

Abin da yake yi wa ƙoda kuwa a rubuce yake. A 1998 Virginia Steen da Thomas Medsger sun ɗauki majinyata 110 da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya saboda wannan ciwo, suka gwada su da wasu masu irin ciwon waɗanda tasu ba ta tsaya ba. A cikin wata shida kafin abin ya faru, kashi 36 cikin ɗari na rukunin farko sun sha firednison miligiram 15 ko fiye a rana. A ɗaya rukunin kashi 12 ne kawai. Ku dubi adadin da kyau: miligiram 15, wato ƙwaya uku ta miligiram biyar-biyar. Mu kuwa talatin da arba'in muke rubutawa ba tare da gabanmu ya faɗi ba, bayan majinyaciyar ta daɗe tana shan wanda aka ƙulla mata a leda a kemis saboda ciwon gaɓoɓi. Jijiyoyin ƙodarta sun riga sun ƙuntata, siteroid ya zo ya riƙe gishiri da ruwa, ya ɗaga jini. Ƙoda ta ji jini ya yi mata kaɗan sai ta saki renin, jini ya ƙara hawa, jijiyoyi su ƙara tsukewa. Cikin kwanaki mace ta zo da ciwon kai da dishi-dishin ido, fitsari ya ragu, 'yan'uwanta na neman kuɗin wankin ƙoda da ba su da shi. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sabon ciwo da fata ke saurin ɗamewa, kuma shi ne muka fi ɗirka wa maganin.

Za a ce ai masu ciwo mai tsanani ne aka fi ba siteroid tun farko. Ko da hakan ne, maganin da amfaninsa a fata bai tabbata ba bai cancanci a yi cacar ƙoda da shi ba.

Ga roƙona. In ba kumburin tsoka ko wata larura bayyananna ba, kada a ba mai sikilarodama firednisolon. In ya zama dole, a tsaya ƙasa da miligiram 15, na ɗan lokaci. Duk mai sabon ciwo ya koma gida da na'urar awon jini, a koya masa amfani da ita. In jini ya hau a fara kaftofiril a ranar, domin magungunan irinsa ne suka ɗaga yawan masu kai shekara ɗaya a raye bayan wannan matsalar ƙoda daga kashi 15 zuwa 76. Ku kuma hukumomin kula da magunguna, ku hana sayar da siteroid ba tare da takardar likita ba.