Ɗauri Uku da Yunwar Gona



Tambayar da muka kawo gabanku yau ita ce: me ya sa manomi ke kashe kuɗinsa a kan takin zamani, alhali kuwa kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kaɗawa a gonarsa naitirojin ce, watau abincin da shuka ke nema ruwa a jallo? Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaure da juna.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, da ilektaron masu kewaye da ita, kuma na can waje su ne ke ƙulla ɗauri. Wani lokaci ƙwaya takan sallama wa wata ilektaron ɗinta, sai cajinsu ya saɓa, su jawo juna. Ta haka ne sodiyam, ƙarfen da ke tafarfasa in ya taɓa ruwa, da kulorin, iska mai guba, ke haɗuwa su zama gishirin miyarmu. Wani lokaci kuwa tarayya ake yi: ƙwayoyi biyu su riƙe ilektaron biyu tare. Gilbert Lewis na Amurka ne ya bayyana wannan a 1916.

To, naitirojin ta iska ƙwaya biyu-biyu take, kuma irin wannan tarayya har uku ce a tsakaninsu, ilektaron shida ke nan. Ɗauri ne mai ƙarfin gaske, gero da dawa ba su iya kwance shi. Sai shuka ta zauna da yunwa a tsakiyar yalwa.

Ɗan Adam ya sha wuya kafin ya kwance shi. A 1909 Fritz Haber na Jamus ya haɗa naitirojin da haidirojin ya sami amoniya, sa'an nan Carl Bosch ya kai aikin masana'anta a 1913. Har yau sai da matsi mai tsanani da zafi wajen digiri 400 ko fiye. Makamashin da wannan ke ci yana cikin kuɗin kowane buhun taki.

Amma ga abin al'ajabi: ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙululun saiwar wake da gyaɗa suna kwance wannan ɗauri cikin ƙasa, ba wuta ba inji. Ashe iyayenmu da ke shuka wake tsakanin gero ba jahilci suke yi ba.

Jama'a, gobe wasunmu za su zama malaman gona, wasu za su zauna ofis suna tsara rabon taki. Kada boko ya sa mu raina dabarar da kimiyya kanta ta gaskata.