Hubusi da Wasiyya Domin Makarantun 'Ya'yanmu: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



A cikin buƙatun da suka iso mana bana daga Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa, Unguwa Uku da sauran unguwannin Tarauni, waɗanda suka fi maimaituwa su ne na makarantun Islamiyya: rufin da iska ta yaye, allon da ya ruɓe, malaman da suka yi watanni ba alawus. Sau da yawa mun ba da haƙuri, ba don babu kuɗi a asusu ba, sai don zakka tana da masu cin ta kashi 8 da Allah Ya ƙayyade a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina aji da ita. Muna iya ba maraya ko malamin da talauci ya cancantar da shi, amma ginin makarantar yana buƙatar wata ƙofa.

Ƙofa ta farko ita ce lokacin iyaye. A cikinmu akwai magina, kafintoci, masu gyaran wuta da masu ilimin lissafi. Uban da ya ba da safiyar Asabar ɗaya ya gyara kujeru, da uwar da ta zauna a kwamitin iyaye da malamai tana bin kadin kuɗin wata, sun yi sadakar da ba a rubuta wa rasit. Kuma wanda ya shiga aji da ƙafarsa shi ya san inda ɗaki ke yoyo, shi ne kuma zai san abin da ya dace ya bar wa makarantar.

Ƙofa ta biyu ita ce hubusi, wato waƙafi. Asalinsa sananne ne: da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya shiryar da shi ya tsare asalinta, ya sadaukar da amfaninta. A kan wannan tafarki Fatima al-Fihri ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, ya zama cibiyar karatu da ke raye har yau. Jiharmu ma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Ba sai mutum ya mallaki dukiya mai yawa ba. Shago ɗaya a bakin titin Zariya ko Court Road, idan aka tsayar da hayarsa ga makaranta, zai riƙa biyan malami bayan mai shagon ya daɗe a ƙasa.

Sai dai akwai sharaɗin da mutane ke tuntuɓe a kansa. A wajen malamanmu na Malikiyya, wanda ya yi hubusi yana da lafiya dole ne ya fitar da abin daga hannunsa, ya miƙa shi ga mai kula, kafin ciwon ajali ko mutuwa su riske shi. In bai yi ba, hubusin ya warware, dukiyar ta koma gado. Mun ga irin wannan da idonmu: wani dattijo ya sha faɗa a masallaci cewa ɗakunansa biyu na makarantar da jikokinsa ke karatu ne, amma bai rubuta ba, bai miƙa ba. Ranar rabon gado aka haɗa su da sauran dukiya, kuma magada ba su yi laifi ba.

Ƙofa ta uku ita ce wasiyya, ga wanda ba zai iya rabuwa da abinsa yanzu ba. Iyakarta sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji. Makaranta ba magajiya ba ce, saboda haka ƙofar a buɗe take. Ana zartar da ita bayan likkafani da biyan bashi, kafin rabon gado.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai shi ne kowane ya ɗauki makaranta ɗaya a unguwarsa, ya rubuta sana'o'in iyayen yaranta, ya tsara ranar aikin gayya sau ɗaya a zango. Ga masu niyyar hubusi ko wasiyya kuwa, ku zo a rubuta, da shaidu biyu adilai, a ambaci mai kula, a sanar da iyali tun ana tare. Ofishinmu zai taimaka da rubutun ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Allah Ya karɓa daga gare mu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya.