Gishirin Teku da Injin Jirgi: Famfo Ɗaya a Bakin Kwata



An nemi in yi bayani a kan yadda ake wanke ruwan gishiri daga injin da ake rataya wa jirgi a baya, alhali jirgin yana ɗaure a kan ruwa. Wani zai ce wannan ai hirar gareji ce. To, ga wanda ya ci bashi ya sayi inji, magana ce ta jari.

Yawancin mutanenmu da ke tuƙa jirgi a nan Legas, ko Fatakwal, ko Tema, ko Duwala, a ruwan daɗi suka koyi sana'ar: a Yawuri, a tafkin Kainji, a Binuwai, ko a tafkin Chadi, wanda duk da ba shi da mafita ruwansa na sha ne. A can, mutum ya kashe inji ya tafi gida, shi ke nan. Teku kuwa ba ta yarda da wannan ɗabi'a ba. Kowace lita ɗaya ta ruwanta tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, a Bahar Maliya ma, inda 'yan'uwanmu na Fot Sudan suke, ya kan kai 40. Ruwan lagun ɗin Legas yana ruɗar mutane, domin da damina gishirinsa ya kan ragu ƙwarai, da rani ya dawo.

Wannan inji ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgi ke yawo a kai shi ne ruwan sanyaya shi. Yana shiga ta 'yan ramukan da ke ƙafar inji kusa da farfela, sai wata 'yar farfelar roba da makanikai ke kira imfela ta tura shi sama, ya zagaya silinda, ya fita tare da hayaƙi. Ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga bayan inji shi ne shaidar cewa famfon yana aiki.

Ɓarnar tana farawa ne bayan an kashe inji. Ruwa ya tsiyaye, zafi ya busar da saura, gishiri ya zauna. Akwai kuma farar ƙasa da ke narke a ruwan teku, wadda zafi ke sa ta daskare a jikin ƙarfe, kamar farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar mai shayi. Hanyar ruwa tana ƙuntata a hankali, makullin zafi, wato tamostat, yana maƙalewa, inji ya fara ɗaukar zafi, gasket ya ƙone. Bayan haka, jikin injin alminiyam ne, amma shaf da kusoshinsa na wani ƙarfe ne daban. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin ruwan gishiri, lantarki mai rauni yana gudana a tsakaninsu, ɗaya yana cinye ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Ba ya jan tsatsa, farin gari yake yi, shi ya sa mai jirgi ba ya firgita sai ya ga huda.

Yanzu ga yadda ake wankin. Idan jirgi yana tudu, abin da sauƙi: a tsoma ƙafar inji a durom na ruwan daɗi, ko a manna mata robar nan mai kama da abin toshe kunne a haɗa da tiyo, a tayar da inji a firi, a bar shi a silo. Masuntan gaɓar Gana, waɗanda suka rungumi wannan inji tun ƙarshen shekarun 1950, da yawansu kan kwance shi su kai tudu idan sun dawo. Inji mai ƙarfin doki 40 irin Yamaha Enduro ya kai nauyin kilo 70 ko kusa da haka, samari biyu sun isa. Mai ƙarfin doki 200 kuwa ba a saɓa shi a kafaɗa, dole a wanke shi inda yake.

Saboda haka ne kamfanoni suka sa wa sababbin injuna bakin tiyo na musamman a ƙarƙashin murfi ko a gefensa. Ka kashe inji, ka ɗaga shi har ƙafarsa ta fita daga ruwa gaba ɗaya, ka ɗaura tiyo, ka buɗe famfo. Littafin Yamaha ya ce a bar ruwan ya gudana kimanin minti 15, kuma kada a tayar da inji. Wasu kamfanonin sun yarda a tayar da wasu samfuransu a silo, don haka kowa ya bi littafin injinsa. Ka yi wankin da zarar ka ɗaure jirgi, tun inji yana da ɗumi, gishiri bai bushe ba. Ka watsa wa jikinsa na waje ruwa, ka bar shi a ɗage ya tsiyaye.

Kurakurai uku nake so ku kiyaye, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na farko, tayar da inji ƙafarsa a sama babu ruwa: imfela roba ce, ruwa ne man shafawarta, kafin minti ɗaya ta lalace. Na biyu, mantawa da mayar da marfin bakin tiyo a ɗaure tam, sai gobe a tsakiyar ruwa ruwan sanyaya inji ya riƙa zubewa. Na uku, shafa wa guntayen tutiyar nan da ke manne a ƙafar inji fenti. An sa su ne don gishiri ya ci su ya bar alminiyam, fenti kuwa yana hana su aiki. Idan rabinsu ya cinye, a canza su. Wanda ya zo da inji daga kogi ya duba tukuna, domin guntayen injin ruwan daɗi sau da yawa na magniziyam ne, kuma teku tana cinye shi da sauri.

Jama'a, duk abin da na faɗa, yaron jirgi zai iya koyon sa a yini ɗaya. Abin da ba zai iya ba shi ne samar da ruwan. Mu yi lissafi: idan tiyo yana ba da lita 10 a minti, wanki ɗaya ya ci lita 150, wato jarka shida masu cin lita 25. Wanda ke sayen ruwa a hannun mai ga-ruwa ba zai zuba jarka shida a cikin inji kullum ba, ko da ya san amfanin hakan. Saboda haka idan muka ga inji ya mutu da wuri, kada mu yi saurin cewa sakaci ne. Mu duba ko akwai famfo a kwatar da yake kwana.

A nan nauyin ya koma kan hukuma da ƙungiyoyi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, da aka kafa a 1997, da ta jihar Legas, LASWA, da aka kafa a 2008, suna da ta cewa a kan tashoshin jirage. Roƙona gare su shi ne duk kwatar da za a gina ko a gyara a ruwan gishiri, a sa tanki da famfo da dogon tiyo a cikin tsarinta tun farko. Wannan magana ce ta tsaron rai, domin injin da ya ɗauki zafi ya tsaya da fasinja a tsakiyar lagun, haɗari ne.

Ku kuma shugabannin masu jirage, ba sai kun jira ba. Tanki ɗaya, da ƙaramin famfo mai aiki da batir ko hasken rana, da kwanon rufi da zai tara ruwan sama da damina, kuɗinsu bai kai na inji guda ba. Ku sa kuɗin wanki a cikin harajin da kuke karɓa, ku ɗora yaro ɗaya a kan aikin, ku rubuta ranar da aka canza imfela da tutiyar kowane jirgi. Ɗalibanmu na fannin injiniya kuma ga aiki a gabanku: ku ƙera mana na'urar da za ta yi wannan wanki da rabin ruwan.

 Allah ya tsare mu a ruwa da tudu.